Ranar da Na Kira Sunan Dikko

Ba zan buɗe muku da ga-ta-nan ba, domin wagga ba tatsuniya ba ce. Tatsuniya bayan an ci tuwo ake yin ta, a yi dariya, kowa ya nemi shimfiɗarsa. Wannan kuwa da rana tsaka ta faru, kasuwa na ci, mutane na gani.

Jikata Saratu ke riƙe da alƙalami. Ni ban yi boko ba, allon ma iyakar abin da zan yi salla da shi na samu. Na roƙe ta ta bar mini maganata yadda ta fito, kada ta mai da ni Bakanuwa da tsufana.

Ni mutuniyar Mandera ce ta ƙasar Shagari. Ɗana na fari, uban Saratu, tela ne, kekensa na kasuwar Bodinga. Dikko nake ce masa, amma ba shi ne sunansa na yanka ba. Kun san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tawa kunyar ma biyu ce, domin sunan surukina anka mayar masa, uban mijina. Tun ranar da liman ya raɗa sunan ban bari ya hau harshena ba. Ko rijiya zai faɗa, sai dai in ce, kai wancan. Haka munka taras, haka munka yi, kuma ba rashin so ba ne. Abin da mace ta fi so shi take rufewa da faifai.

Zamanin farar hula na biyu, da abubuwa sunka fara ƙunci, yadi ya yi tsada, mutane sunka bar sabon ɗinki sai faci. Anka ba Dikko labarin Injamena ta ƙasar Chadi, wai yaƙi ya lafa, masu gudu sun koma gida da tsumma a jiki, tela ba ya hutawa. Ya kwance kan kekensa ya tafi, ya bar matarsa Luba da Saratu a nono. Da fari saƙo na zuwa ta hannun fataken albasa, yau sabulu, gobe turmin atamfa. Sannan saƙo ya yanke. Damina ta zo ta ƙi, ta wuce, shiru.

Luba ta zama abin tausayi. Ba matar aure ba, ba mai takaba ba. In ta sa lalle a ce ba ta damu ba, in ta bari a ce tana yi wa mijinta fatan mutuwa. Munka je wurin alƙali a Bodinga, ya ce ba a shiga takaba a kan zato. "Rai ko mutuwa," in ji shi, "a zo mini da ɗaya." Mijina ya riga mu gidan gaskiya, ƙannen Dikko duk mata ne. Sai na ɗaure zanena na ce ni zan je in zo da ɗayan.

Kano ban gan ta ba, tasha na gani. Alhaji Bawa, wani falke na Dandin Mahe wanda da shi ke kawo mana saƙon Dikko, shi ya ɗauke ni a motar albasarsa. Bisa buhuna nake zaune, kuma na gode wa albasa, domin duk wanda ya ga idona ya jiƙe, ita nake ɗora wa laifi.

A Maiduguri munka fara tambaya. Alhaji ya bi zango-zango da rumfunan teloli yana faɗin sunansa na yanka, yana kwatanta kamanni: dogo, mai wushirya. Duk sanda ya faɗi sunan sai in duƙar da kai in kalli ƙafafuna.

"Innar Dikko," ya ce mini wata rana muna shan fura, "ke kinka haife shi, ni kuma na zama ɗan dakon sunansa. Ina ladan dako?"

"Allah shi biya ka, Alhaji."

"Amin. Amma ki sani Kusseri ce iyakata, ina da iyali. Can tsallake mutum na cikin auna kayansa sai a ce ya shiga mota. Ran da kinka ƙetare, sai kin buɗa bakinki da kanki."

Na ce kada Allah ya kai mu ga haka. Sai ya turo mini ƙwaryar.

Munka wuce Gamboru, munka ratsa wani yanki na ƙasar Kamaru, munka sauka Kusseri a bakin kogi. Daga nan ana hango Injamena kwance a tsallake. Alhaji ya sayar da albasarsa, ya yi mini addu'a mai tsawo, ya ba ni ƙullin gabu, busasshen ganyen albasa da muke sa wa miya. Ya ce mace mai gabu ko a lahira ba ta rasa ƙawa. Sannan ya juya.

Bai daɗe da juyawa ba wani ya tare ni a bakin ruwa. Farar riga tas, tabarau, Hausarsa sumul.

"Hajiya, wa ake nema?"

"Dikko tela."

"Dikko. Dogo ne ko?"

"Dogo ne."

"Shi ne. Ai shekaranjiya na gan shi. Yana tsare, amma ƙaramin abu ne, babban wurin abokina ne."

Na ce ya taimake ni. Ya ce babban ba ya karɓar takardar kuɗinmu, sai abin hannu. Na zare munduwar azurfa da na gada wurin uwata na miƙa masa. Ya zaunar da ni gindin wata darbejiya ya ce kada in gusa. Inuwa ta gusa, ni ban gusa ba, har anka kira magariba. Daga baya na gane abin. Babu mai sanin ɗana da Dikko a waccan ƙasa, sunan cikin gida ne, a Mandera ya baro shi. Duk wanda ya ce ya san Dikko, ya gaya mini da bakinsa cewa shi maƙaryaci ne.

Washegari wani tsoho mai kwale-kwale ya ƙetare da ni. Masu fitowa sun fi masu shiga. Da na miƙa masa kuɗin fito sai ya ture hannuna, ya dafa ƙirjinsa, ya nuna garin, ya ɗaga yatsu biyu. Ban ji harshensa ba, amma na ji maganar. Shi ma nasa biyu na ciki.

Injamena gari ne da bangayensa sunka yi ramuka kamar fuskar wanda agana ta ci. Amma ba ramukan sunka ba ni tsoro ba, gaisuwarsu ce. Mu a gida sai an tambayi gajiya, a tambayi yara, a tambayi dabbobi. Can kuwa mutum ya gaishe ka a gajarce yana duban bayan kafaɗarka. Na shiga kasuwa ina cewa Dikko tela, kowa na kau da kai, har yunwa ta kai ni gaban wata mai tuyar ƙosai.

"Daga ina, baiwar Allah?" ta ce da Hausa.

"Daga ƙasar Sakkwato munka fito."

Ta aje cokalin tuya. "Sake faɗi."

Na sake.

"Munka," ta ce a hankali. "Rabona da jin munka tun kakata na da rai."

Sunanta Kaltuma. Kakanninta daga Gobir sunka taso da niyyar Makka a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a nan, sunka zauna. Ta kai ni ɗakinta. Na zama mai surfa mata wake da asuba, ita ta zama bakina a gari. Da na kwance mata ƙullin gabu, ta ɗauka ta daɗe tana sunsunawa. Alhaji Bawa bai yi ƙarya ba.

"Yaya," ta ce mini, "Dikko ba suna ba ne a nan. Mene ne na yanka?"

Na ci gaba da tsince wake.

"Ɗan fari ne?"

Na gyaɗa kai. Ta yi ajiyar zuciya. "Mu nan yaƙi ya cinye mana wannan kunyar. To, kewaya mini."

Na ce, "Mai sunan annabin da kifi ya haɗiye."

Ta faɗi sunan. Na kalli ƙasa. Ta ce shi ke nan, ta ɗauka.

Munka je layin teloli, Kaltuma ta faɗa wa wani dattijo sunan a kunne. Bai ɗago kai ba. Ya ƙara taka kekensa da ƙarfi don ƙara ta rufe maganarsa.

"Mota ba lamba ta ɗauke shi. Rana tsaka. Wando na kan keke, ƙafa ɗaya ya gama."

"Mi ya yi?" na ce.

"Wasu sun ce ya ɗinka wa wanda ba a so riga. Wasu sun ce maƙwabci ke son rumfarsa. Nan ba sai ka yi ba, uwata. Ku tafi, kada ku sake tsaya mini."

Har yau ban san laifin ɗana ba. Babu alƙalin da ya gan shi, babu wanda ya tambaye shi ya kare kansa. Ɓarawon akuya a kasuwar Shagari ya fi shi gata, domin shi ana kai shi gaban shari'a, uwarsa ta san ɗakin da yake.

Kaltuma ta nuna mini gidan da ake tsare mutane daga nesa. Ta ce ita ba ta iya matsawa, an san fuskarta. Mata ne zaune a tsallaken hanya, kowace da kwanon abinci, ɗaya bayan ɗaya su je ƙofa su faɗi sunan nasu. Da nawa ya zo na ce Dikko, tela, na yi alamar taka keke da ƙafata. Mai gadin ya ce, "Mafi."

Zuciyata ta yi tsalle. A wurinmu mafi farkon magana ce mai daɗi, mafi kyau, mafi sauƙi. Na tsaya ina jiran ya ƙarasa, har da murmushina. Ya karɓe kwanon, ya ce, "Mafi, mafi," ya ture ni da bakin bindiga. Na koma gida na gaya wa Kaltuma ya fara faɗin alheri bai ƙarasa ba. Ta jawo kaina ta ɗora a kafaɗarta.

"Yaya, mafi da Larabcinsu babu ke nan."

Na ci gaba da zuwa. Kowace safiya nakan ce yau zan faɗi na yankan, in na iso ƙofa harshe ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ga shi su ma masu faɗin sunan yanka mafi ake ce musu, a cinye abincin a miƙo kwano. A zaman nan ne gida ya riƙa zo mini. In na rufe ido sai in ji dakan Luba, in ji ƙamshin fadama lokacin dashen albasa, in ga Saratu na rarrafe tana cin ƙasa. Geron can ma ba ya ɗanɗanon namu.

Akwai wata doguwar mace baƙa, da gicciye a wuya, wadda take raba tabarmarta da ni. Mijinta ke ciki. Ba ta jin harshena, ba na jin nata, amma in rana ta taso sai ta ja ni cikin inuwar mayafinta, in na yi salla ta tsare mini kwano. Ta lura da alamar keken da nake yi da ƙafa. Wata rana da azahar, lokacin da zafi ke korar kowa daga hanya, ta kama hannuna ta bi da ni lungu-lungu har wani gida, bayan wata matacciyar babbar mota.

Wani mutum ne zaune a ƙasa, ƙashi da fata, ƙafafunsa a kumbure. Ƙanenta ne, sunansa Naji. Direba ne da, yana bin hanyar Maiduguri, can ya koyi Hausa. Bai daɗe da fitowa daga gidan da ake tsare mutanen ba, shi ma bai san dalilin shigarsa ba balle na fitarsa.

"Mama, wa kike nema?"

"Ɗana. Tela."

"Teloli da yawa. Sunansa."

"Dikko."

"Ban san Dikko ba. Sunansa na gaskiya." Ya kafe ni da ido. "Masu tsaron can suna aiko mata irinki su ji ko bakina na yoyo. In ba za ki faɗa ba, tashi ki tafi."

Jama'a, ku dubi inda na tsaya. Na ratsa ƙasa uku, na ba da munduwar uwata, ga mutumin da wataƙila ya sani zaune gabana, tsakanina da labarin ɗana kalma ɗaya ce. Na buɗa baki. Wallahi na buɗa. Iska ta fito, suna bai fito ba. Na ji ina cewa, "Mai sunan annabin da kifi..." sai kuka ya ci ƙarfina. Na dafa ƙasa zan tashi, na san na ɓata.

Sai na ga ya rufe fuskarsa da hannu biyu.

"Zauna, Mama. Ke ce."

Na zauna.

"Na tambaye shi," in ji Naji, "na ce in Allah ya fitar da ni, yaya zan gane naka? Ya yi dariya. Ya ce, in mace ta zo ta faɗi sunana garau, ba uwata ba ce, kada ka gaya mata komai. Uwata in ta ji za ta zo har nan, amma ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗa ba."

Ashe ya sani. Duk shekarun nan ina tsoron ko yana ganin ban so shi kamar ƙannensa ba, ashe ya san abin da ke ƙarƙashin faifan.

Naji ya ba ni labari a hankali, kamar mai sauke kayan fashewa. Ɗaki ne ƙarami, mutane fal, kwanciya ma bi da bi ake yi. Dikko ya samu ƙayar kifi ya fiƙe ta, yana zare zare daga tsohon buhu yana yi wa mutane faci, yana cewa mutum ko a kurkuku bai kamata tsiraicinsa ya fita ba. Naji ya juyo mini kafaɗar rigarsa. Na shafa ɗinkin da yatsana. Hannun ɗana ne, ƙanana a jere kamar shukar gero.

Da bazara ta yi tsanani, ruwa ya yi musu kaɗan, zawo ya shiga ɗakin. Dikko na cikin waɗanda bai bari ba.

"Bai yi kururuwa ba, Mama. Abu ɗaya ya roƙe ni, ya ce in lokaci ya yi in juya fuskarsa gabas. Ni ba Musulmi ba ne, amma direba ne, na san gabas. Mu ake sa mu loda gawa a mota mu je mu tona. Da hannuna na kwantar da shi a gefensa na dama."

Na ce inna lillahi. Na daɗe ina faɗi. Sannan na ce wa Naji Allah ya saka masa da alheri.

"Duk wanda na ɗauka na riƙe sunansa a kaina," ya ce. "Kowace safiya ina bin su ɗaya-ɗaya, yadda kuke jan carbi. Ba su sa ko dutse a wurin ba. So suke a ce ba a taɓa yin mutanen nan ba. Amma wata rana za a tambaya, Mama. Ban san wa zai tambaya ba. Ran nan zan faɗa."

Shi ba ya iya tafiya, kuma in an gan shi a wurin ya mutu. Sai ya kwatanta wa yayarsa. Munka ɗauki igiya ni da ita kamar masu neman itace, munka fita bayan gari. Fili ne fetal, da aduwa biyu tsaye nesa da juna. Tsakaninsu ƙasa ta yi tudu-tudu, ciyawa ba ta kama ba. Ba alama, ba itace a kafe, ba fasasshiyar tukunya.

Na durƙusa na fuskanci gabas zan yi masa addu'a. Na ce Allah ka jiƙan wancan. Sai na tsaya. Wane wancan? Filin cike yake da wancan. A nan maganar Naji ta sauko mini. Ni na yi shiru da sunansa don kunya, su sun yi shiru da shi don ɓoye abin da sunka aikata. Shiruna da nasu ba ɗaya ba ne, amma in shiru biyu sunka haɗu a kan mutum guda, sai ya ɓace kamar ba a haife shi ba. Ba zan taya su ba.

Na kira shi. Ban ɗaga murya ba. Na kira shi yadda ake kiran yaro ya bar wasa ya zo ga tuwo. Sunan ya fito mini baƙo a baki, da ɗaci da zaƙi kamar 'ya'yan aduwa. Na sake kira. Na ce ga ni na zo, Luba na lafiya, Saratu ta fara haƙori. Mai gicciye ta durƙusa kusa da ni, ita ma ta kira sunan mijinta, ko da yake ba ta san ko yana cikin filin ko yana cikin ɗakin ba. Sannan munka tsinci itacenmu munka koma, kada a ga mun dawo da igiya wofi.

Na ƙulla 'ya'yan aduwar wurin a bakin zanena. Na shuka su a bayan ɗakina a Mandera, sun tsiro, awaki sunka cinye. Ban yi fushi da awaki ba, shekarar kowa yunwa yake ji.

Kaltuma ta raka ni bakin kogi, ta cusa mini ƙosai a ganye, ta ce in na isa in faɗi munka sau ɗaya dominta. A Maiduguri na ji labari cewa soja sun karɓi mulki a gida. Na bar farar hula na taras da kaki, ban ko tambayi dalili ba. Abin da ke bakina ya ishe ni kaya.

Luba ta tare ni a ƙofar gida. Ba ta dubi fuskata ba, bayana ta duba. Da ta ga ba kowa, sai ta karɓi ƙunshina ta kawo mini ruwa, ta jira na sha, sannan ta zauna a ƙasa ta yi kukanta.

Munka koma wurin alƙali.

"Wa ya ga gawar?"

"Wani direba, Allah shi gafarta malam."

"Musulmi ne?"

"A'a. Amma ya san gabas."

Ya daɗe yana shafa gemunsa. "Inna, ni na gaskata ki. Amma shaidar mutuwa sai maza biyu adilai da sunka gani da ido. Ke kuwa ji kinka yi daga bakin mutum guda da ba ya iya zuwa gabana."

Ban ga laifinsa ba, abin da ya karanta ya faɗa. Waɗanda sunka kashe ɗana su sunka tabbatar ba a samu maza biyun ba. Luba ta zauna ta cika shekarun da shari'a ta yanka wa matar wanda ya ɓace, sannan ta yi takaba. Daga baya wani mutumin kirki a Shagari ya aure ta, ni na yi mata rakiya da kaina. Ta bar mini Saratu. Amma sadaka ba mu jira kowa ba. Liman ya zo, anka dama gumba, anka yi wa ɗana addu'a a tsakar gidan ubansa.

Shekaru sunka shuɗe, gashina ya zama auduga, Saratu ta yi karatun lauya. Wata rana ta shigo da rediyo a hannu ta ce in saurara. Wai mai mulkin Chadi na wancan zamani an gurfanar da shi gaban alƙalai a wata ƙasa can yamma bakin teku. Wai waɗanda sunka fito daga ɗakunan nan da rai sun tsaya gabansa suna faɗi, har da mata, kuma an saurare su. Saratu ta ce abin da anka yi wa ubanta yana da suna a dokar duniya, ɓatar da mutum, kuma laifi ne da tsufa ba ya wanke shi, ƙetare iyaka ba ya wanke shi. Ta ce dangin wanda anka ɓatar suna da haƙƙin a gaya musu inda yake.

"Haƙƙi?" na ce. "Ashe abin da na rasa munduwa a kansa nawa ne tun asali."

"Naki ne, Kaka."

"Cikin masu shaidar akwai wani direba dogo, mai ciwon ƙafa?"

"Ban sani ba, Kaka. Suna da yawa."

Ban sani ba ko Naji ya kai ranar da yake jira. Ban sani ba ko sunan ɗana ya shiga kunnen alƙalan nan. In ya kai, na san ya faɗa. In bai kai ba, to carbinsa ya tsinke, kuma ƙwaya ɗaya tana hannuna. Tun daga filin aduwa ban sake kiran sunan ba, na mayar da faifan na rufe. Yanzu kuwa na kusa bin sa, kuma ba na so in tafi da shi a bakina.

Ga Saratu ta ɗaga alƙalami tana dubana. Wai, "Kaka, duk takardar nan Dikko kike ta cewa. In bar shi haka?"

Masu tatsuniya da kan ɓera suke rufewa. Ni da suna zan rufe. Matso kusa, ja'ira, kunnena ne ya mutu, ba bakina ba. Rubuta da manyan baƙi, yadda ko alƙalin bakin teku zai iya karantawa.

Yunusa. Yunusa tela, ɗan Mandera. An yi shi. Ni na haife shi.